Allura, raga ko fiɗa: yadda ake zaɓen hanyar buɗe jijiyar zuciya da ta toshe

Zuciya ba ta shan jinin da ke ratsa ɗakunanta. Tsokarta tana da nata magudanai, ƴan jijiyoyi ne da ke kwance a samanta, faɗin kowace bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kamar bututun tawadar biro. Biyu ne suka fito daga gindin babbar jijiyar jini. Ta dama tana zagayawa ta ciyar da ƙasan zuciya. Ta hagu kuwa gajeren kututture ne da ya rabu biyu, reshe ɗaya ya gangara ta gaba, ɗaya ya kewaya ta gefe. Shi ya sa za ku ji likita yana cewa "jijiya ɗaya ce", ko "duka ukun sun taɓu", ko "kututturen hagu ne". Waɗannan kalmomi su ne rabin hukuncin da za a yanke.

Ɗaya rabin agogo ne. Toshewa iri biyu ce. Akwai wadda take zuwa a hankali: kitse yana taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru, hanya tana ƙuntata, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri ko ya hau tudu, in ya tsaya minti biyar ya lafa. Akwai kuma ta farat ɗaya, wadda ɓawon da ya rufe kitsen yake tsagewa, jini ya daskare a wurin, gudan jini ya rufe hanyar ruf. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyin buɗewa uku ne: allurar da ke narkar da gudan jini, zura balan-balan da ƴar ragar ƙarfe ta cikin jijiya, da aikin fiɗa na kewaye toshiyar. Ba za a ce wannan ta fi waccan ba sai an san wace toshiya ce, awa nawa ta yi, kuma ina mara lafiyar yake kwance.

Idan jijiya ta rufe farat ɗaya

Ciwon yakan zo a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, ya wuce minti 20 bai sauka ba, ya miƙa zuwa hannun hagu, muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, da zufa mai sanyi da tashin zuciya. Ga masu ciwon sukari, tsofaffi da mata, sau da yawa kasala ce kawai da ƙarancin numfashi, ko zafi a saman ciki. A nan ake yawan asara a garin nan. Sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa kanwa, a shafa mai, a jira gari ya waye. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30, kuma kafin awa shida mafi yawan ɓarnar ta auku. Abin da ya mutu tabo yake zama, ba ya sake motsi.

Abu na farko a asibiti shi ne gwajin ECG, mai zana aikin zuciya a takarda, cikin minti 10 da shigowa. Idan layin da ake kira ST ya ɗaga, jijiya ta rufe gaba ɗaya, kuma ba a jiran sakamakon gwajin jini kafin a fara aiki. Ana ba mutum asfirin miligiram 150 zuwa 300 ya tauna, sannan a yi tambaya ɗaya: daga wannan lokaci, za a iya kai shi ɗakin da ake zura raga, waya ta ratsa toshiyar, cikin minti 120? In eh, raga ce. In a'a, allura ce, nan take.

Sai mu yi lissafin da ƙasarmu Nijar. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini cur. Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240, amma ko hanya ta yi kyau ba a cinye ta a awa biyu, ga tsayawar iyaka, ga neman mota, ga haɗa kuɗi. Wanda ya taso daga Tanut, Gure ko Magarya ya riga ya ƙone wasu awoyi kafin ma ya ga Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Duk wanda ɗakin raga mafi kusa da shi yake Yamai ko Kano, allurar da za a yi masa yanzu ta fi masa ragar da zai samu gobe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Dangi da yawa sukan ƙi yarda da wannan, suna ganin allura ƙaramin magani ce, aikin manya yana can birni. Kuskure ne mai tsada.

A fili yake cewa in duka biyun suna hannu a lokaci guda, raga ta fi. Tana buɗe jijiya sosai a fiye da kashi 90 cikin 100. Da aka haɗa bincike 23 a shekarar 2003, mutuwa ta kasance kashi 7 cikin 100 ga waɗanda aka sa wa raga ko balan-balan, kashi 9 ga waɗanda aka yi wa allura, sake toshewa kuma kashi 3 da kashi 7. Amma wannan rata tana narkewa da kowace awa ta jinkiri. Ita ma allurar da agogo take aiki: a awar farko tana ceton wajen mutum 65 cikin kowane 1,000, cikin awa shida kusan 30, tsakanin awa 7 da 12 kusan 20. Bayan awa 12 gudan jinin ya yi tauri, amfani ya tafi, haɗarin zubar jini kuwa yana nan daram.

Allurar ma ba iri ɗaya ba ce. Tsohuwar, mai arha, ita ce sitireftokinas. Ana narkar da ma'auni miliyan 1.5 a cikin mililita 100 na ruwan ƙarin ruwa, a bar shi ya shiga jijiya cikin minti 30 zuwa 60. Kada a raina ta: a babban binciken ISIS-2 na 1988, mai mutum 17,187, haɗa ta da asfirin ya sauko da mutuwa cikin mako biyar daga kashi 13 zuwa kashi 8 cikin 100. Laifinta uku ne. Tana faɗar da tansiyo, wato ƙarfin gudun jini, musamman in an sake ta da gudu, sai a ɗaga ƙafafun mara lafiya a rage saurin ɗigon. Daga ƙwayar cuta aka samo ta, don haka wasu jikinsu yakan ƙi ta da zazzaɓi ko ƙaiƙayi, kuma wanda aka taɓa yi wa ita ba a sake yi masa, domin jininsa ya riga ya shirya yaƙarta. Na uku, cikakkiyar buɗewa a minti 90 ana samunta ne ga kusan mutum ɗaya cikin uku, alhali sababbin magungunan suna kaiwa fiye da rabi.

Cikin sababbin, tenektefilas, wanda a kwalinsa ake rubuta Metalyse, shi ya fi dacewa da wuri mai ƙarancin ma'aikata, don sau ɗaya ake tura shi cikin ƴan daƙiƙoƙi. Da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 30 ga wanda bai kai kilo 60 ba, a riƙa ƙara 5 ga kowane kilo 10, iyaka 50 ga mai kilo 90 zuwa sama. Ɗan shekara 75 ko fiye rabin haka ake ba shi. A sa mutum a sikeli in da hali, kimantawa da ido tana sa a zarce. Matsalarsa tsada. Kowace aka yi, ana haɗa ta da kilofidogirel, ƙwayar hana gudan jini haɗuwa, miligiram 300 a karon farko, ko 75 kawai ga wanda ya haura shekara 75, da allurar hana daskarewar jini irin Lovenox.

Babban abin tsoro shi ne jini ya ɓalle a cikin kai, wanda yakan faru ga kusan mutum ɗaya cikin 100. Saboda haka akwai tambayoyin da dole dangi su amsa da gaskiya kafin a ɗaura ruwan. Wanda jini ya taɓa zuba a ƙwaƙwalwarsa ba a yi masa, ko shekara nawa aka yi. Haka wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki cikin wata shida, ko aka yi masa babban aiki, ko ya yi haɗarin mota ko babur, ko ya bugu a kai cikin wata ɗaya, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida a kwanakin nan. Idan tansiyo ta haura 180/110, wato 18/11 a yadda ake faɗa a nan, sai an sauko da ita tukuna. Ciwon da ya zo kamar ana yaga ƙirji har baya, tansiyon hannu biyu ta bambanta, yana iya zama tsagewar babbar jijiya, wanda allurar za ta kashe shi. Abubuwa biyu kuma mutane kan ɓoye. Na farko allurar tsoka da aka yi a gida ko a shago don rage ciwon, domin wurin zai tara jini. Na biyu maganin ƙarfin maza: in an sha shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayar ƙarƙashin harshe da ake bayarwa don ciwon ƙirji tana iya zubar da tansiyo ƙasa warwas. Kunyar minti ɗaya a gaban likita ta fi wannan sauƙi.

Bayan minti 60 zuwa 90 ana sake ECG. In layin ST ya sauka da fiye da rabi, ciwo ya lafa, jijiya ta buɗe. In bai sauka ba, kuma hakan yakan faru ga kusan ɗaya cikin uku, ba a maimaita allurar, hanyar ɗakin raga ake kamawa da gaggawa. Ko ta yi aiki ma tsugune ba ta ƙare ba, domin gudan jinin kawai ta narkar, kitsen da ɓawon da ya tsage suna nan. Ƙa'ida ita ce a yi hoton jijiyoyi tsakanin awa 2 da 24 bayan allurar. A nesa irin tamu ba kullum ake cim ma wannan ba, amma a fahimta: allura da raga ba kishiyoyi ba ne, allura tana saya wa mutum lokacin da zai isa wurin raga da tsokarsa a raye. Tafiyar kuma a motar asibiti ake yin ta, da ma'aikacin lafiya da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ba a motar haya ba, don a kwana biyun farko ne bugun ya fi rikicewa.

Gargaɗi biyu a gajarce. Idan gwajin jini na turofonin ya nuna tsoka ta taɓu amma layin ST bai ɗaga ba, ba a yin allurar narkarwa sam, cutarwa take yi. Magani ake bayarwa, a shirya hoton jijiyoyi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Sannan wanda ya zo bayan kwana uku ko mako, ciwo ya tafi, numfashi lafiya, ba shi da dalilin sayar da gona cikin dare. Binciken OAT na 2006, mai mutum 2,166, ya nuna buɗe jijiyar da ta daɗe a rufe ga irin wannan mutum bai rage mutuwa ko sake kamuwa ba. Sai in ciwon yana dawowa, ko zuciya tana gazawa, ko gwaji ya nuna akwai sauran tsoka mai rai a wurin.

Yadda ake sa raga, da abin da ke biyo baya

Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a Zurich a watan Satumba na 1977. Raga ta biyo a 1986, a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan, raga mai shafin magani kuma a farkon shekarun 2000. Ba a sa mutum barci, ba a yanka ƙirji. Ana kashe fatar wuyan hannu, a sa ɗan bututu mai faɗin kusan milimita 2 a jijiyar da ake jin bugu, a tura siririyar roba har bakin jijiyoyin zuciya. Sai a fesa ruwan rini mai aidin, na'urar hoto ta nuna inda hanya ta matse. Wannan shi ne koronarografi, kuma ko fiɗa za a yi sai an bi ta nan. In za a gyara, ana ratsa toshiyar da waya mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita, a bi ta kanta da balan-balan, a hura shi da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau biyar ko shida. Ragar tana naɗe a jikin balan-balan ɗin. In ya kumbura sai ta buɗe ta manne da bango, a sace iskar a zare komai, ita ta zauna har abada. Faɗinta milimita 2.25 zuwa 4 ne galibi, tsawonta daga 8 zuwa 38. Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa biyu. Ta wuyan hannu an fi samun sauƙi, a ɗaure wurin awa biyu zuwa huɗu mutum ya tashi. Ta matsematsi kuwa sai ya kwanta a miƙe awa huɗu zuwa shida, kuma zubar jini ta fi yawa.

Abin da kan lalace a ranar aikin: rinin yana wahalar da ƙoda, musamman ga mai sukari ko wanda jikinsa ya bushe, kuma wanda ya yi doguwar tafiya a bazarar Afrilu da Mayu a bushe yake isa. A gwada kireyatinin, wato gwajin ƙarfin ƙoda, kafin aiki, a ƙara ruwa, mai shan maganin sukari na metformin da ƙodarsa ba ta da ƙarfi ya dakata da shi awa 48. Wani lokaci bangon jijiya yakan tsage, sai an ƙara wata ragar. Wani lokaci babbar hanya ta buɗe amma jini ya ƙi gudu, don ɓurɓushin gudan jini ya toshe ƙananan rassa, kuma wannan ya fi samun waɗanda suka makara. Jijiyar da ta yi tauri da alli tana hana raga buɗewa sosai, ragar da ba ta manne ba kuwa tarkon gudan jini ce.

Amma inda muka fi so mai karatu ya tsaya shi ne bayan sallama. Raga baƙon ƙarfe ce a cikin jini. Har sai fatar cikin jijiya ta rufe ta, jini yana neman daskarewa a kanta. Abin da ke hana shi ƙwayoyi biyu ne kullum: asfirin miligiram 75 zuwa 100, da kilofidogirel 75, wanda aka fi sani da Plavix, ko ɗan'uwansa mai ƙarfi Brilique. Wata 12 ake sha bayan bugun zuciya, wato toshewar farat ɗaya, wata 6 in ba a gaggawa aka sa ta ba, asfirin kuma ya ci gaba. Wanda ya bar su a watannin farko, ko na mako ɗaya ne, ragar tana iya rufewa lokaci guda, kuma wannan toshiya takan fi ta farko muni. Mutane suna barin magani don kuɗi ya ƙare, ko farmasi ta ce babu, ko sun ji sauƙi, ko mai cire haƙori ya ce su dakata. Babu wanda zai dakatar da su sai likitan zuciya. Azumi ba dalili ba ne, sau ɗaya ake shan asfirin da kilofidogirel a yini, ana iya mayar da su bayan buɗa-baki, shi kuwa azumin kansa a makonnin farko sai da shawarar likita. Ƙaho, tsaga da sakiya a wurin wanzami a ajiye su. Magungunan ciwon jiki na tebur irin diklofenak da ibufurofen suna haɗuwa da waɗannan ƙwayoyi su fasa ciki da jini, farasitamol ne abokin tafiya.

Don haka kuɗin raga ba shi ne wanda aka biya ranar aiki kaɗai ba. Iyalin da ba su lissafa maganin shekara guda ba, ba su gama lissafi ba. A gaya wa likita gaskiyar aljihu tun kafin a sa ta, da maganar duk wata fiɗa da ke tafe, ta ƙaba ko ta mafitsara, domin hakan yana canza shawara.

Akwai kuma sake ƙuntata a hankali, in tsokar tabo ta tsiro cikin ragar bayan wata uku zuwa shekara. Da balan-balan kaɗai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne, da raga mara magani 20 zuwa 30, da mai magani ƙasa da 10. In an ba ku zaɓi, mai maganin ce. Ku karɓi katin da ke nuna irinta, girmanta da jijiyar da aka sa ta.

Fiɗa

A nan ba a taɓa toshiyar ma. Sabuwar hanya ake ɗinkawa a gabanta, kamar yadda mota ke barin kwalta ta kewaye gadar da ta karye. Likitocinmu suna kiran aikin fontaj. René Favaloro, ɗan Ajantina, shi ya daidaita shi a Cleveland ta Amurka a 1967. Ana tsaga ƙashin ƙirji a tsaye, galibi a tsayar da zuciya a bar inji ya riƙe aikinta da na huhu, a yi ɗinki cikin awa uku zuwa shida. Mafi daraja a cikin aikin duka ita ce jijiyar da ke bayan ƙashin ƙirji ta hagu, wadda ake ɗauko bakinta a haɗa da reshen gaba na zuciya. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata suna nan a buɗe bayan shekara 10. Jijiyar ƙafa, wadda ake cike sauran wurare da ita, kusan rabi ne ko fiye kaɗan ke kaiwa haka. Wanda za a yi wa aikin ya tambaya ko za a yi amfani da ta ƙirjin.

Farashinsa a jiki yana da nauyi. Kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, kusan mako a asibiti. Ga mai sauran ƙarfi da aka shirya wa aikin, mutuwa kashi 1 zuwa 2 ce cikin 100, shanyewar ɓarin jiki ma kusan haka, kuma ta fi ta raga yawa. Kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu bugunsa yakan rikice a kwanakin farko, yawanci ya daidaita da magani. Ruɓewar ƙashin ƙirji ba ta da yawa amma muguwa ce, kuma masu sukarin da bai sauka ba ta fi kamawa. Ƙashin da waya ake ɗaure shi, yana buƙatar mako 6 zuwa 12 ya haɗe. A wannan lokaci babu ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar, babu jan guga, babu tuƙi, babu hawa kabu-kabu, salla a zaune har likita ya yarda da sujada. Kafin aiki ana dakatar da kilofidogirel kwana biyar, a duba haƙora, a tanadi masu ba da jini, a bar taba. Ba kasafai ake fiɗa a tsakiyar bugun zuciya ba, domin kafin a haɗa ma'aikata da inji tsokar ta riga ta mutu.

In babu gaggawa, wanne?

Mai ciwon ƙirji na tafiya, wanda ke lafawa da hutu, sau da yawa amsarsa ba raga ba ce ba kuma fiɗa ba, magani ne. Binciken COURAGE na 2007 da na ISCHEMIA mai mutum 5,179, wanda aka bayyana a 2019, sun nuna cewa ga irin waɗannan, gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa fiye da magani mai kyau ba. Abin da take yi shi ne rage ciwon. Dalili kuwa, raga tana gyara santimita biyu ne a cikin jijiyar da cutar ta bi ta duka, kuma ɓawon da zai tsage gobe yana iya kasancewa a wurin da bai ma matse sosai ba. Asfirin, maganin rage kitse na atobastatin miligiram 40 zuwa 80 har mugun kitsen jini ya sauka ƙasa da giram 0.55 a lita, saukar da tansiyo da sukari, barin taba: waɗannan ake fara yi, kuma ko an sa raga ko an yi fiɗa ba a barin su. Matsewar da ba ta kai kashi 70 cikin 100 ba galibi ba a taɓa ta, sai a kututturen hagu inda 50 ta isa. In ana shakka akwai wayar da ke auna ƙarfin jini gaba da bayan matsewar, in ma'aunin ya fi 0.80 a bar ta.

In magani ya kasa, ko hoto ya nuna haɗari, taswirar jijiyoyin ce ke magana. Jijiya ɗaya ko biyu, matsewa gajera a wuri mai sauƙin kai: raga. Duka ukun, da dogayen matsewa, da alli, da toshiya a mararraba: fiɗa. Likitoci suna da maki na auna yawan toshiya da wahalarta da ake kira SYNTAX, 22 zuwa ƙasa hanyoyin biyu sun yi kusa, 33 zuwa sama fiɗa ce. Mai ciwon sukari da jijiyoyi da yawa shi ne wanda hujja ta fi fitowa fili a kansa. A binciken FREEDOM na 2012, mai masu sukari 1,900, bayan shekara biyar mutuwa, bugun zuciya ko shanyewar jiki sun sami kashi 26.6 cikin 100 na masu raga, 18.7 na masu fiɗa. Sukari yana lalata jijiya tun daga gindi har ƙarshe, sabuwar hanya kuwa tana tsallake dogon yanki gaba ɗaya, har da wuraren da za su toshe nan gaba. Zuciyar da ƙarfin matsawarta ya sauka zuwa kashi 35 cikin 100 ko ƙasa, ita ma fiɗa ta fi yi mata amfani in jikin zai ɗauka. Tsoho mai rauni, mai ciwon huhu ko ƙoda, ko wanda ya taɓa shanyewar jiki, a nan sikeli yakan koma wajen raga ko da taswirar ta fi son fiɗa. A ganinmu, mai jijiyoyi uku bai kamata ya amince da raga huɗu ko biyar yana kwance kan teburin hoto ba. In ba gaggawa, a sauko da shi, a ba shi faifan hoton, likitan fiɗa ma ya gani.

A tuna kuma ba kowane ciwon zuciya ne na jijiya ba. Zuciyar da ta kumbura saboda hawan jini na shekaru, ƙofofin zuciya da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata, da gazawar zuciya ta masu jego da aka sani sosai a ƙasar Hausa, duk raga ba ta yi musu komai. Hoton ekogarafi, mai nuna motsin zuciya da ƙofofinta, shi ne ke rarrabe su, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a yanki tikitin tafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da mai sukari, mai hawan jini ko mashayin taba da ya haura shekara 40, su san tun yau inda ake ECG da dare, su tambayi asibitin ko allurar narkarwa tana ajiye ko sai an rubuta an sayo, su ajiye asfirin da tsohuwar takardar ECG a wuri ɗaya. In tafiya ta kama, likitan nan ya kira na can tukuna, a tabbatar na'urar tana aiki, mai aikin yana gari, kuma akwai raga a ajiye. A tafi da duk takardun ECG da lokacin da aka yi kowace, sakamakon kireyatinin da rukunin jini, kwalayen magungunan da ake sha, da takarda mai ɗauke da sunan allurar da aka yi, yawanta, da ƙarfe nawa aka fara ta.